Tanadin Abincin Gida: Nasiha Ga Sababbin Magidanta

Ya ku ƙannena maza da mata, musamman waɗanda suka yi aure kwanan nan da waɗanda ke shirin yi, na san kun sha jin wa'azi a kan haƙuri da biyayya da kyautata wa juna, kuma duk abin da aka faɗa muku gaskiya ne. Sai dai akwai wani ginshiƙi na zaman gida da ba kasafai ake zaunar da ku a koya muku shi ba, alhali yana cikin abubuwan da suka fi tayar da ƙura tsakanin miji da mata, wato yadda abinci ke shigowa gida da yadda ake riƙonsa. Akan yi wata da watanni ana shirin lefe da kayan ɗaki da kamu, a kai amarya, iyayenta su biyo ta da gara: buhun shinkafa, katan na taliya, jarkar mai, sukari da gishiri. Ango da amarya su yi ta ci hankali kwance, har ranar da uwargida za ta zura kwano cikin buhu ta ji ya taɓa ƙasa. Daga ranar ne gidaje da yawa ke faɗawa cikin sayen hannu baka hannu ƙwarya, kuma wasu ba sa ƙara fita har tsufa. Abin da nake so in tabbatar muku shi ne, kowane gida ya kamata ya kasance da ajiyar abincin da ta wuce bukatar yau, kuma gidan da samunsa ya fi ƙanƙanta shi ya fi kowa bukatar wannan ajiya.

Kakanninmu ba su ɗauki wannan magana da wasa ba, domin ƙasar da muke ciki ba ta ba su damar wasa da ita ba. A mafi yawan ƙasar Hausa, daga Zazzau har Damagaram, ruwan sama wata huɗu ne zuwa biyar, girbi sau ɗaya, ci kuwa wata goma sha biyu. Shi ya sa babu gidan manomi da ba shi da rumbu. Ana gina shi da laka ko a saƙa shi da kara, a ɗora shi bisa duwatsu don kada danshi da gara su kai gare shi, a kifa masa jinka. Gero da dawa a dami ake zuba su, ba a sussuke su sai an tashi ci, domin hatsi ya fi daɗewa a zangarniyarsa. Maigida ne ke fitar da awon gida bisa ƙa'ida, kuma manomin kirki ba ya yarda sabon hatsi ya tarar da rumbunsa wayam. Sun koyi haka ne daga wuya: yunwar 1914 da ake kira Kakalaba, farin 1973 zuwa 1974, na 1984, da ƙuncin abincin da ya auka wa yankunan Maraɗi da Damagaram a 2005. Yau da yawanmu mun koma birni, muna zaune a ɗakin haya, muna cin abinci daga albashi ko sana'a. Mun bar rumbu a ƙauye, amma damina ba ta sake hali ba. Har gobe babban girbi sau ɗaya ne a shekara, kuma dole wani ya ajiye hatsin daga kaka zuwa kaka. In ba ku ajiye da kanku ba, ɗan kasuwa zai ajiye muku, ku kuma biya shi ladan ajiyar a kowane kwano da kuka auna.

Duk wanda ya lura da kasuwa ya san farashin abinci yana da lokutansa. Daga Oktoba zuwa Disamba sabon hatsi ke kwararowa kasuwanni irin su Dawanau a Kano, Giwa da Saminaka a Kaduna, Dandume a Katsina, Maigatari a bakin iyakar Jigawa da Nijar. A lokacin manomi na neman kuɗin biyan bashin taki, da kuɗin aurar da 'ya'ya, da na makaranta, saboda haka kaya sun yi yawa, farashi ya kwanta. Da bazara ta kawo jiki sai ya fara ɗagawa, ya kai ƙololuwa a tsakiyar damina, wajen Yuli da Agusta, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare sabo kuma bai nuna ba. Kayan miya kuma nasu zagayen daban ne. Tumatir da tattasai na arha da rani, sa'ad da 'yan noman rani na Kadawa da Kura da sauran fadamu ke kwasar amfani har kwanduna na ruɓewa a bakin titi, sannan su yi tsada da damina. Haka albasa, ko ta Aliero ce ko ta Galmi. Sukari da mai da gero kuwa kowa ya san yadda sukan yi tsalle in azumi ya gabato. Wannan zagaye ba ɓoyayyen ilmi ba ne, a gaban idon kowa yake faruwa kowace shekara. Bambancin kawai shi ne, wani gida yana shirya masa, wani gidan kuma kullum kamar bai taɓa ganinsa ba.

Sai mu duba tsadar da ke ɓoye cikin sayen kullum, domin ita ce ba a gani. Kafin shinkafa ta iso teburin da ke bakin lungunku, ta ratsa hannun dillali, da mai sito, da ɗan sari, da mai shago, kowa kuma ya ɗora ribarsa, kuma halal ɗinsa ce. Wanda ya sayi buhu ya tsallake wasu daga cikin hannuwan nan. Wanda ya sayi gwangwani ya biya su duka. Ku tsaya a gaban mai tebur da hantsi ku ga yadda ake yi: ƙullin mai a farar leda da bai cika ludayi ba, ƙullin gishiri, ɗunƙulen magi biyu, tumatir uku da attaruhu ɗaya, yarinya riƙe da canji a tafin hannu, ta dawo karo na uku domin an tarar babu ashana. In kaya suka yi tsada, mai tebur ba lallai ya ƙara kuɗin ƙullin ba, sai ya rage abin da ke ciki, mai saye ya biya kuɗin jiya ya karɓi ƙasa da na jiya bai sani ba. A ƙara da kuɗin abin hawa zuwa kasuwa, da lokacin da ke ɓacewa, da 'yan canjin da ke narkewa a hanya. Mafi muni shi ne ranar da babu kuɗi a hannu, a ce wa mai shago ya rubuta. Wanda sunansa ke cikin littafin bashi ba ya taya kaya, ba ya zaɓe, ba ya iya zuwa inda ya fi arha. Da haka ne mai ƙaramin ƙarfi ke sayen abinci da tsadar da ta fi ta mai hali.

Bayan zagayen da aka saba akwai kuma abin da ke zuwa ba sallama, kuma 'yan shekarun nan kaɗai sun ishe mu darasi. A Agustan 2019 aka rufe iyakokin Najeriya na tudu, shinkafa ta tashi. A Afrilun 2020 aka saka dokar kulle a Kano saboda annobar korona, kasuwanni suka rufe, masu neman na yau da yau suka zauna a gida. A farkon 2023 sauya fasalin naira ya jawo ƙarancin takardun kuɗi, mutum na da kuɗi a banki amma ya rasa abin da zai miƙa wa mai awo. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka sanar da janye tallafin man fetur, kuɗin dakon kaya ya ninka, komai ya bi shi. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 aka rufe iyakar ƙasashen biyu na tsawon watanni, jama'ar ɓangarorin biyu suka ji a jikinsu. Zuwa Yunin 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce farashin abinci ya haura da fiye da kashi 40 cikin 100 a shekara guda. A farkon Agustan 2024 kuma zanga-zangar tsadar rayuwa ta sa aka kafa dokar hana fita a Kano da wasu jihohi. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya nemi shawarar magidanci kafin ya zo. A kowannensu, gidan da ke da hatsin mako biyu da ɗan mai da busasshiyar kuɓewa ya sami sararin yin tunani, wanda ba shi da komai kuwa tun daren farko ya shiga tashin hankali. Ku lura kuma da wannan: kuɗin da aka ajiye a farkon shekarar tsada ba zai sayi abin da zai saya a da ba in shekara ta ƙare, amma kwano 40 na dawa yana nan kwano 40, bakin da zai ciyar bai ragu ba.

To ta ina ake farawa? Ba da kuɗi ake farawa ba, da lissafi ne. Magidanta da yawa ba su san abin da gidansu ke ci a wata ba, shi ya sa ko kuɗi sun shigo sai a sayi abin da ido ya gani, a bar abin da tukunya ke nema. Ku sami ɗan littafi, miji da mata ku zauna ku rubuta abin da aka dafa har wata guda: kwano nawa na masara, nawa na shinkafa, nawa na wake, kwalba nawa ta mai. Babban buhun hatsi yakan ɗauki wajen kwano 40. Gidan da ke cin rabin kwano a rana, buhu ɗaya zai kai shi kwana 80; wanda ke cin kwano guda yana bukatar wajen buhu 9 a shekara. Da kun san adadinku, tsoro ya ragu, domin abin ya zama mai iyaka. Daga nan ku kasa kayan gida kashi uku. Akwai masu daɗewa: gero, dawa, masara, shinkafa, wake, gishiri, sukari, kanwa. Akwai masu kai wata ɗaya zuwa uku: man gyaɗa, manja, taliya, garin kwaki, daddawa, sabulu, gawayi. Akwai kuma waɗanda dole sai ɗanye, kamar ganye da nama da kifi, su ne kaɗai ya kamata kuɗin cefanen kullum ya tafi kansu. Ku ajiye abin da gidanku ke ci da gaske, ba abin da kuka gani a gidan wani ba. Ku ajiye tsaba, ku riƙa kai niƙa kaɗan-kaɗan, domin gari ya fi saurin yin tsutsa da ɗaci. Ku fara cin tsoho kafin sabo. Kuma ku sa wa kanku ƙa'ida cewa da buhu ya sauko kashi ɗaya cikin huɗu za a fara neman na gaba, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Na san abin da wani zai fara cewa: wannan magana ce ta masu albashi, ni da sai na fita na samo za a ɗora tukunya, ina na ga kuɗin buhu? Wannan ƙorafi ne mai nauyi, kuma ba zan raina shi ba. Akwai gidajen da ko na yau bai ishe su ba, kuma nauyinsu yana wuyan maƙwabta da dangi da masu fitar da zakka da hukuma. Amma tsakanin mai buhu goma da wanda ba shi da komai akwai jama'a mai yawa, kuma su nake nufi. Ba dole ne ajiya ta fara da buhu ba. Wanda ya daure ya ƙara kwano ɗaya a kan awonsa kowane mako, ya zuba shi gefe bai taɓa ba, a shekara ya tara kwano 52, ya haura buhu ke nan. Da yayyafi kogi kan cika. Muna kuma da dabarun da muka gada, sai dai mun taƙaita su ga wasu abubuwa. Muna yin watanda mu haɗa kuɗi mu yanka sa da salla. Me zai hana gida huɗu su haɗa su sayi buhu, kowa ya ɗauki kwano 10 a farashin sari, ko gida biyar su raba jarkar mai lita 25? Muna zubin adashi don biki da kayan ɗaki. Me zai hana a nemi kwasa ta faɗo a watan Nuwamba, a tafi da ita kasuwar hatsi kai tsaye? Kuma in za mu gaya wa kanmu gaskiya, matasa da yawa na iya tsakuro kuɗin kwanon nan ɗaya daga abin da ke tafiya a anko da katin waya da zaman majalisa. Matakin farko ga mai bin wannan hanya shi ne ya biya bashin mai shago ya rufe littafin, ko da zai ɗauki wata uku yana yi.

Wani kuma zai zo ta ɓangaren addini ya ce tara abinci rauni ne na tawakkali, ko ma ya ce ai ɓoye kaya haramun ne. A nan an haɗa abu biyu da ba ɗaya ba. Alƙur'ani ya ba mu labarin Annabi Yusuf, amincin Allah ya tabbata a gare shi, wanda ya shawarci mutanen Masar su adana amfanin shekarun yalwa a cikin zangarniyarsa don shekarun fari, dabarar da manomanmu ke bi har yau. Ya kuma tabbata a Sahihul Buhari, ta hanyar Sayyidina Umar, cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, yakan ware wa iyalansa abincin shekara guda daga dukiyar Banu Nadir, kuma babu wanda ya kai shi dogara ga Allah. Abin da shari'a ta hana shi ne mutum ya kwashe abinci daga kasuwa a lokacin da jama'a ke cikin ƙunci, ya kulle shi yana jiran ya ƙara tsada ya ci riba da yunwar mutane. Irin wannan zargi ne ya sa a Fabrairun 2024 hukumar yaƙi da cin hanci ta Jihar Kano ta rufe wasu manyan rumbunan ajiya a yankin Dawanau. Magidancin da ya sayi abin da iyalinsa za su ci ba ya cikin wannan sahu, muddin ya tsaya a gwargwadon bukata. Hasali ma in ya saya da kaka ya taimaki manomi a lokacin da kayansa ba su da daraja, kuma da damina ya rage cunkoso a gaban mai awo, ya bar wa wanda bai sami ikon tanadi ba. Abin da zan gargaɗe ku a kai shi ne rububin saye bayan ƙunci ya riga ya sauka, domin wannan shi ke ƙara hura wutar tsada.

Ƙorafi na uku shi ne na ɓarna: a tara wake ƙwaro ya mayar da shi gari, a tara masara ta yi fumfuna, ɓera ya yi gida a buhu. Wannan na faruwa, amma kusan kullum sakaci ne ke buɗe masa ƙofa. Asalin ajiya bushewa ne. Kafin ku ɗaure buhu ku ciji ƙwayar hatsin. In ta fashe da ƙara ta bushe, in ta lotsa a koma da ita rana. Ko ku zuba ɗan hatsi da busasshen gishiri a busasshiyar kwalba ku girgiza. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, da sauran danshi. Kada buhu ya zauna a kan siminti ko ya jingina da bango, a ɗora shi bisa katako, a wurin da iska ke ratsawa kuma rufi ba ya yoyo. Wake da masara kuwa maganinsu hana ƙwaro numfashi. Akwai buhun nan mai ruɓi uku da ake kira PICS, leda biyu masu kauri a ciki da buhun saƙa a waje, wanda masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka samar bayan bincike a arewacin Kamaru, aka kuma shiga yaɗa shi a Najeriya da Nijar daga 2007. In an matse iska aka ɗaure kowane ruɓi daban, ƙwaron da ke ciki zai mutu ba tare da an sa ko ɗigon magani ba. Jarka mai tsabta da murfi mai kyau ma tana wannan aiki, in an cika ta har wuya. Tumatir da tattasai da kuɓewa a yanka a shanya a kan tabarma mai tsabta lokacin arha, a adana su da kuka da zogale a mazubi mai murfi. Masara ko gyaɗar da ta yi fumfuna kuwa kada a ce za a wanke a ci, domin tana iya ɗaukar gubar aflatoksin mai lalata hanta, kuma dafuwa ba ta kashe ta.

A nan dole in ja kunnenku da babbar murya a kan maganin ƙwari, domin ajiyar da za ta cutar da 'ya'yanku gara babu ita. Ya zama ruwan dare wasu su yayyafa wa wake maganin feshi irin su Sniper, wanda ba a yi shi don abincin da za a ci ba. Ragowar irin wannan guba a jikin wake ce ta sa Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen waken Najeriya ƙasashenta a 2015. Abin da wasu suka ƙi yarda ya ƙetara iyakarsu bai kamata ya shiga tukunyar gidanku ba. Haka ƙwayar nan da ake jefawa cikin buhu, iska mai kisa take fitarwa, aikin masu sito ne da suka san ƙa'idarta, kuma haɗari ne babba a sa ta a ɗakin da mutane ke kwana ko kusa da shi, alhali yawancin masu zaman haya a ɗakin kwanansu suke ajiye buhu. Wannan ma wani dalili ne na saye da kaka: sabon waken da ya fito daga gona bai daɗe a hannun kowa ba balle a yi masa magani, ku ne za ku adana shi ta hanyar da kuka yarda da ita. In kuwa dole ta sa kun saya a tsakiyar shekara, ku shinshina, ku guji mai warin magani, ku shanya shi, ku wanke sosai kafin a dafa.

Ƙorafi na huɗu shi ne wanda maza suka fi yi a majalisa, cewa in mata suka ga abinci a jibge sai hannunsu ya buɗe, buhun wata uku ya ƙare a wata ɗaya, dangi da maƙwabta kuma su yi ta aiko da kwano. Mata su ma suna da nasu: maigida ya kulle sito ya tafi da makulli, ko ya riƙa ƙirga ɗunƙulen magi kamar yana zaune da ɓarauniya. Duka biyun ciwo ɗaya ne, rashin yarda, kuma hana gida ajiya ba ya warkar da shi. Ɗan'uwa, ciyarwa wajibi ce a kanka, ba alfarma kake yi ba, kuma matar da ka amince mata da 'ya'yanka ta cancanci ka amince mata da buhun masara. Ka sa ta cikin lissafin tun farko, domin wadda ta san buhun nan sai ya kai watan Maris za ta riƙe shi da kanta. Ke kuma 'yar'uwa, abin da ke ɗakin ajiya amana ce. Ki riƙa awo da mazubi guda kullum, kada ki dafa da ka. Tuwon da ya kwana ɗumame ne, ba na zubarwa ba. Ki faɗi abin da ya kusa ƙarewa tun da sauran kwanaki, kada ki bari sai ya sa takalmi zai fita. Inda akwai abokiyar zama, a yi awon kowane girki a fili bisa yawan bakuna, don kada zargi ya sami wurin zama. Maganar dangi da maƙwabta kuwa, ba a maganinta da rowa. Ku ware wani kaso tun ranar da buhu ya shigo ku ce wannan na baƙo ne da mabukaci. Da haka za ku bayar da farin ciki, ku kuma san inda za ku tsaya.

Saura ƙorafin masu lissafin kasuwa, kuma yana da ƙarfi. Za su ce farashi ba kullum yake hawa ba. Gaskiya ne. A Yulin 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da ɗage harajin shigo da wasu kayan abinci, irin su masara da alkama da shinkafa da wake, na tsawon kwana 150, kuma a 2025 farashin hatsi ya sauko a kasuwanni da dama, har waɗanda suka tara don riba suka tafka asara. Amma ku dubi wanda asarar ta kayar. Wanda ya ci bashi ya cika sito yana jiran tsada shi ya shiga uku. Magidancin da ya sayi na ci kuwa, iyakar abin da ya same shi ya biya fiye da maƙwabcinsa a wannan shekarar, kuma iyalinsa sun cinye abinsu lafiya. In aka auna wannan 'yar asara da halin wanda tsada ta rutsa da shi babu ƙwaya a ɗaki, za a ga ba su yi kusa ba. Darasin da ke ciki shi ne a tsaya a tsakiya. Kada ku ci bashi mai ruwa don tanadi. Kada ku juye duk abin da kuka mallaka ya zama hatsi, ku bar wani abu a hannu saboda rashin lafiya da kuɗin haya. Ga mai zaman birni, tanadin wata uku na manyan kayan abinci buri ne mai kyau, wanda ya sami iko ya kai shi har kaka ya ƙara. Ɗan kasuwa kuma da ke ganin kowace naira ta fi amfani a jari, ya tuna cewa gidan da babu abinci jarin yake ci, kullum a zari kaɗan daga ciniki, har a wayi gari shago ya rame ba a san dalili ba.

Abin da tanadi ke saya wa gida ya wuce sauƙin farashi. Yana saya wa maigida ikon ƙin aikin da zai zubar masa da mutunci, domin wanda ya bar tuwon mako biyu a gida ba ya karɓar kowane irin sharaɗi. Yana raba uwargida da aika yaro gidan maƙwabta da kwano a ɓoye cikin hijabi. Yana sa yara su ci wake da gyaɗa da ganye a kai a kai, maimakon abin da canjin ranar ya iya saya, kuma a shekarun farko na yaro wannan bambanci yana bin jikinsa da ƙwaƙwalwarsa har girma. Yana kashe faɗan safiya a kan kuɗin cefane, wanda ya ci auren mutane da yawa. Yana kuma mayar da ku masu bayarwa, domin ba ya yiwuwa ka taimaki maƙwabci da abin da ba ka da shi. Saboda haka kada ku jira sai albashi ya ƙaru ko kasuwa ta buɗe. A wannan makon ku fara rubuta abin da kuke ci, ku wanke jarka ɗaya ku shanya ta, ku zuba kwanon farko, ku kuma yi magana da maƙwabta biyu ko uku a kan haɗa kuɗin buhu kafin kaka mai zuwa. Allah Ya sa albarka a cikin abin da kuke samu, Ya hore muku na halal mai yalwa, Ya zaunar da gidajenku lafiya, Ya kare mu da zuriyarmu daga yunwa da bashi.